An Kai Muku Antina

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya hannun Baba, ya fara ɗaguwa? Ki gaishe min da Inna.

Lafiya lau nake a gidan Gwaggo. Firgitar ma ta ragu, sai dai in an buga ƙofa da ƙarfi.

Na ji an buɗe ɗakin kula da waɗanda ɓarayi suka taɓa a asibitin ƙauyenmu. Madalla. Amma duk ma'aikatan birnin nan a rasa wadda za a tura muku sai Antina, wadda take duba ni a asibiti? Tun da ɓarayin suka shiga gidanmu, ita kaɗai na iya buɗe wa baki. Ba ta tambaya, tsefe min kai take yi har maganar ta fito da kanta. Yanzu kin rubuto wai ta tsefe naki, wai hannunta da laushi. Ni za ki gaya wa?

Ba kishi nake ba fa. Littafin soyayyar da nake karantawa ma na ajiye, jarumar ta cika kuka.

Ki tambayar min Baba, ni kunya nake ji: don ganin Anti aka kawo ni nesa, ga ta can kusa da gida. Zaman me nake yi?

Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙanwarki