Hannun Sarkin da Aka Tuɓe

Yaya Avice,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da tumaki. Ya ƙafar taki?

Kin san kumburin wuyan 'yata Emmot, irin wanda ba ya jin magani sai sarki ya ɗora hannu. To, ga sarki Allah ya kawo mana har gida, a ɗaure. Tun da manyan ƙasa suka tuɓe shi suka naɗa ɗan'uwansa, yana kulle a hasumiyar da nake wa wanki. Osbert mai gadi har da dariya: "Ke Idonea, hannun da aka cire wa zobe? Gara ki kai ta wurin mahauci." Amma ya buɗe mana.

Yaya, sarkin ya ƙare, sai idanu. Ya daɗe yana kallon tafinsa, sannan ya ce, "Baiwar Allah, in bai yi ba, ki yafe ni. In ya yi, kada kowa ya ji." Ya taɓa ta.

Ƙanwarki,
Idonea

Yaya Avice,

Ina gaishe ku. Mu dai ba lafiya ba.

Emmot ta warke sarai. Ni kuma murna ta kwashe ni, na faɗa wa mata a bakin rafi. Baki shi kan yanka wuya. Kafin sati gari ya ɗauka cewa a wurin Allah har yanzu shi ne sarki. Bayan kwana tara aka ce baƙin ciki ya kashe shi, aka shimfiɗe shi a coci fuska buɗe don kowa ya shaida. Ni na wanke zanen gadonsa. Baƙin ciki ba ya barin irin wannan tabo.

Tun ranar, da rana tsaka, Emmot takan tsaya cak, ta karkata wuya, ta ce, "Inna, sarkin yana tambaya ko ya yi."

Gobe mutanen sabon sarki za su zo duba ta. Osbert ya raɗa mini, "In suka ga wuyan nan sumul, ba za ta kai Lahadi ba." Na tsinko ganye mai ƙaiƙayi na goga mata har wurin ya tashi, tana kuka ina kuka. Kafin in wanke hannu ya koma sumul. Sau uku ina yi. Sai ta ce, "Inna, ki daina wahala. Bai ɗauke hannunsa ba."

Ina jin tsoro, Yaya. Shekara biyu kina taya ni roƙon Allah ciwon nan ya tafi. Ki durƙusa yau ki roƙa ya dawo.

Ƙanwarki,
Idonea