Sunan Kwamfutar Gidanmu

Baban Mwila,

Na tafi kai yara makaranta, na bar ka kana barci. Firinta ta sake ƙin aiki, kamar kullum tun da ka sa mana manhajar Linux ɗin nan a kwamfuta. Na bi takardar da ka rubuta min, na buɗe baƙin allon rubuta umarni. Sai ga sunan da ka raɗa wa kwamfutar a farkon kowane layi: Chisenga. Wai budurwarka ta jami'a, wadda ka rantse ko kamanninta ka manta?

Firintar dai na gyara da kaina. Sunan ne ya gagare ni. Ka canza shi kafin in dawo, in ba haka ba, yau Chisenga ce za ta tuƙa maka tuwon nshima.

Mutinta