Faransancin Kawu Sarjan

Zuwa ga kawuna, Sarjan Maidaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan makwancinka ya yi maka sanyi. Ni ne Isufu, ɗan ƙanwarka. Yau na fi ka shekaru, Kawu, amma akwai maganar da ta ƙi barina in huta.

Ka tuna shekarar da kumandan, Baturen mulki, ya sa aka ɗauke ni daga Matankari, aka sa ni lakwal, makarantar Faransawa, a Dogon Dutsi. Wata uku ban gane komai ba. Duk yaron da Hausa ta suɓuce masa, sai a rataya masa ƙashin jaki a wuya, in an tashi ya sha bulala. Ni na fi kowa rataya shi.

Da ka ga tabon a bayana, ka bar wa ƙannenka gona, ka taro Dutsi. Kullum bayan la'asar mukan zauna a rumfa. Ba ka iya rubutu ba, sai ka nuna abu ka faɗi sunansa, in maimaita. Faransancin da ka kwaso a yaƙin Turawa ke nan. Kakan ce, “Ba ni da takarda, Isufu, amma bakin ga ya kai ni bayan teku ya maido ni.” Cikin wata biyu bulala ta ragu.

Da rani Garba, ɗan baffana, ya zo daga Argungu, ƙasar Ingilishi. Shi ma yana ƙarin karatu wurin wani akawu. Ya ce can da Hausa ake fara musu, akawun ma da Hausa yake warware abin da ya shige musu duhu, ba mai jin kunya. Malamin allon da ke ƙara mini tilawa kuwa, ko harafi guda ya ba mutum, sai ya riƙa durƙusa masa har tsufa. Lakwal ce kaɗai ta koya mini raina wanda ya koya mini.

Wata rana na amsa tambaya da irin maganarka. Mushe, kamar yadda muke kiran malaminmu, ya yi dariya har ya dafa tebur, ya ce wannan yaren bariki ne, wa ya koya mini? Na ce wani tsoho ne a kasuwa, ban san shi ba.

Ran da na ci jarrabawar sartifika ka zo da jar hularka da lambobinka a ƙirji. Ka ƙame, ka gai da diraktan lakwal da Faransancinka. Yara suka tuntsire. Ni kuma, a gaban kowa, na gyara maka kalmar. Ka daɗe kana kallona, sannan ka ce, “Madalla, ka wuce ni.” Kashegari ka koma gida.

Aka tura ni Yamai. Ban rubuto ba, na ce wa kaina ai ba ka iya karantawa. Can saƙon rasuwarka ya same ni.

Bara na je Matankari neman kabarinka. Waɗanda suka rufe ka duk sun tafi, ba wanda ya iya nuna mini. Na tsaya a bakin maƙabarta na ce ka yafe mini, Kawuna. Da Hausa na faɗa.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka duk inda yake, ya ba ni ikon haɗa ido da kai ranar tsayuwa. Amin.

Ɗalibinka,
Isufu