Tozali a Idon Barsu

Sabi'u,

Na iske ka kana barci, ban tashe ka ba don kada maƙwabta su ji mu. Da safe na je kwance karenmu Barsu in kai shi gadin garka, sai na tarar da idanunsa jajur, ruwa na zuba, yana ta goga fuska a ƙasa. Ko ni bai gane ba sai da na yi magana.

Inna ta gaya mini komai. Jiya a gindin turkensa ka kakkaɓe buhunan siminti, da ka ga idon ya yi ja kuma ka ɗauko tozalinta ka rambaɗa mishi. Tozali, Sabi'u! Kare ne ko amarya? Ita ma ta yar da tandun, tunda ya taɓa kare.

Na ɗora shi a amalanke, mun tafi wurin likitan dabbobi.

Albasarmu ta kusa cira, kuma awakin unguwa Barsu kaɗai suke tsoro. In ka tashi, ɗauki tabarma ka wuce garka. Har ya warke, aikinsa naka ne. In akuya ta tsallako darni, sai ka koyi haushi.

Yayanka,
Alamin