Na Ga Mutuwar Yayanta a Telena, Ita Ba Ta Sani Ba

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa. Don girman Allah a ɓoye sunana. Kuma kafin ku fara zagina ku daure ku karanta har ƙarshe, don duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Ni matar aure ce a nan Gaya ta bakin kogi, sunayen da zan ambata kuwa duk na canza su.

Ina da maƙwabciya, mu ce Rabi, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da falonsu. 'Yar Tunuga ce, yaren Dandanci ta tashi da shi, Hausarta ta kasuwa ce, kullum cikin tsokanarta nake ita kuwa sai dariya. Yaya take ce mini, kuma wallahi ƙanwar na ɗauke ta. Rabi na da tansiyo, hawan jini mai tsanani in tana da ciki. Cikinta na baya ni na riƙe ƙafafunta a matanite, asibitin haihuwa, tana fizge-fizge, ɗan ya zo ba rai, ita ma da ƙyar aka ceto ta. Yanzu Allah ya sake ba ta, cikin ya tsufa, haihuwa ko yau ko gobe, kuma unguwarzomar asibiti ta ja kunnen mijinta, Malam Isufu, cewa kada a bari ranta ya ɓaci ko kaɗan. Duk duniya Rabi ba ta da kamar yayanta Saini. Iyayensu sun rasu tana ƙarama, shi ya raine ta, shi ya aurar da ita. Masunci ne, amma tun da aka rufe gadar kan iyaka ya koma fiton kaya da jirginsa tsakanin Malanbil ta ƙetaren kogi da wannan gaɓar.

To maigidana direban kamyo ne, babbar motar kaya, shi da Malam Isufu suka haɗa baki suka yi odar tele biyu, wato talabijin, daga ƙetare, irin na zamani masu shiga intanet, iri ɗaya sak har kwalinsu. Saini ne ma ya ƙetaro da su. Bambancin kawai, gidan Malam Isufu akwai akwatin wifi, mu babu. Maigidana ya kafa tamu a bango, ya ce in ya dawo daga arewa zai sa mana wifi, ya kama hanya. Wanda ya san tafiyar masu kamyo ya san "in na dawo" ba ta da rana. Ga tele nan baƙa ƙirin a bango kamar allon lakwal, makarantar boko, ni kuma ta katanga ina jiyo sautin fim daga gidan Rabi.

Da ma Rabi ta taɓa ba ni kod ɗin wifinsu don in riƙa kiran maigidana ina ganin fuskarsa. Da ta ba ni sai da ta rage murya ta ce, "Yaya, ga wayarki kaɗai za ki sa shi. Kar maigida shi ji, ba ya son a taɓa mishi abinga." Na ce haba Rabi, ni ce fa. Wata rana da hantsi zaman kaɗaici ya ishe ni, na ɗauki telekomand, rimot ɗin nan, na shiga saitin tele da ɗan Faransancin da na tsira da shi daga lakwal. Sai ga jerin wifin unguwa ya fito, na Malam Isufu a sama, alamarsa cike taf. Na tsaya ina kallo. Zuciyata ta ce to me zai ragu? Iska ce fa, ta riga ta shigo ɗakinki da kanta, ba katanga kika haura ba. Na fara danna baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da kibiyoyin telekomand, in ɓata in goge, in manta babban baƙi in sake daga farko, gumi har wuyana. Da telen ta kama wifin, guɗa ce kawai ban yi ba. Da Rabi ta shigo ta gani na ce mata daga wayata nake jona ta, ita kuwa ba ta san kan waɗannan abubuwa ba, ta gyara zama muka sha kallo.

Da a nan abin ya tsaya, da ba ku ji ni ba. Wata ranar ina cikin kallo sai fim ya tsaya, rubutu ya fito yana tambaya ko na yarda wata waya ta haɗu da telen. Ban ma gama karantawa ba na danna na yarda, don kawai ya kauce mini daga gaba. Sai ga fuskar waya ɗungum a bangona, da hoton Malam Isufu da hularsa. Ashe shi ne yake son ya tura abin da ke wayarsa zuwa tasa tele, da yake telen biyu sunansu ɗaya kuma kan wifi ɗaya suke, sai ya zaɓi tawa. Ina jin sa ta katanga yana faɗa, "Wagga tele ba ta da albarka! Rabi, ke kinka taɓa ta?" Ya gaji ya bari, bai tuna ya cire haɗin ba, wayarsa ta ci gaba da fitowa a gabana duk inda ya taɓa.

Me ya hana ni kashewa? Wannan tambayar nake yi wa kaina har yanzu. Ban kashe ba, jama'a. Na zauna na kalla. Kuma abin ya riƙa maimaituwa, duk lokacin da ya dawo cin abincin rana ya kuskure ya zaɓi tawa, sai in saki labule in rage sauti. Na ga cinikinsa da mutanen Kamba, na ga ƙwallon da yake kallo, na ga yadda yake ɗaukar kansa hoto yana gyara gemu yana gogewa yana sakewa, ina dariya ni kaɗai har da riƙe ciki. Mutumin da nake durƙusawa in gaida, na mayar da shi abin kallo. Na san haramun ne, na sani sarai, amma son jin ƙwaƙwaf ya fi ƙarfina, har na kai ina jin haushi ranar da ya dace da tasa telen.

Ran nan bayan la'asar ina yanka kuɓewa a tsakar ɗaki, wayarsa ta fito. Na ga an turo masa bidiyo ya buɗe. Bakin kogi ne, mutane cike, ruwa ya kawo sosai, maza suna jan wani abu da igiya. Na ɗauka kifi ne babba. Sai da suka kwantar da shi kan yashi na gane rigar, na gane fuskar. Saini ne. Wuƙa ta faɗi daga hannuna. Kafin in iya motsi ya buɗe saƙon murya, muryar wani tsoho, kawunsu Rabi, tana fita daga telena a hankali: jirgi ya kife da lodi, an samu gawar, za a rufe shi kafin magariba. Sai ya ce, "Isufu, don Allah kar Rabi ta jiya. Mun yanke shawara ba mai faɗa mata sai ta sauka lafiya. Ka san yadda munka yi da na fari." A daidai lokacin ina jiyo Rabi ta katanga tana daka tana 'yar waƙarta ta Dandanci.

Na san haka ake yi a wajenmu, ba a kai wa mai tsohon ciki labarin mutuwa, manya ne ke zaɓar rana da bakin da zai faɗa. Amma masu ɓoyewar an zaɓe su ne, an ɗora musu. Ni wa ya zaɓe ni? Ni sata na yi na tsinto.

Washegari Malam Isufu ya karɓe wayar Rabi, ya ce batir ya kumbura zai kai gyara. Ya hana ta zuwa kasuwa, ya tare 'yan garinsu tun daga bakin shagonsa kada su iso gida. Gidana kaɗai ya bar mata, don a ganinsa ni ban san komai ba. Har ƙofa ya zo ya yi sallama, idonsa jajir, ya ce, "Maman Abdu, ki taimake ni ki riƙa ɗebe ma ƙanwarki kewa. Ku yi ta kallonku, hankalina ya fi kwanciya in tana wurinki." Na amsa da to kaina a ƙasa, ban iya ko yi masa gaisuwar rashi ba, don in na yi zai ce a ina na ji.

A ranar na lalubo inda ake cire wifi na cire shi daga telen, ina tunanin da Rabi tana zaune kusa da ni lokacin da bidiyon ya fito fa? Da ta zo ta ce in kunna mana fim na ce rezo ne ba kyau, intanet ba ya kamawa. Kun san abin da baiwar Allah ta ce? "Yaya, ko ki sa kod ɗinmu ga tele? Ba komi, ba ni faɗa mishi." Na shige kicin na ce hayaƙi ne ya shiga idona, alhali ko wuta ban hura ba.

Sai ta fara mafarki. Ta ce tana ganin Saini tsaye cikin ruwa yana mata magana ba ta jin abin da yake cewa. Ta ce tun da take bai taɓa daɗewa haka bai aiko mata ko busasshen kifi ba. Ta roƙi wayata, na ce ba caji, ta zauna ta jira har ta cika. Ta danna lambarsa da ta haddace, ina tsaye ina kallonta tana kiran wayar da ke ƙarƙashin kogi. Ba ta shiga ba. Ta kira kawu, ya ce lafiya lau, Saini ya yi nisa wajen kamun kifi ne. Ta ajiye wayar ta daɗe tana kallona, sannan ta kama hannuna ta ɗora kan cikinta, ɗan yana motsi, ta ce, "Yaya, kowa na kallona wani iri. Maigida ba ya cin abinci. Ke kaɗai ce ba ki taɓa yi min ƙarya ba. Ki rantse min da Allah ba ki san komi ba."

Na rantse. Na ce wallahi tallahi ban san komai ba, Rabi. Hannuna na kan cikinta na faɗa. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "To alhamdu lillahi, yanzu na samu barci." Ni kuwa tun daga ranar ko salla na tayar sai in rasa raka'ar da nake. Kaffarar rantsuwa zan iya tambayar malamai, amma wace kaffara ce ke gyara irin kallon da za ta yi mini ranar da ta gane?

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne na yau. Ɗazu da azahar ta shigo da ƙunshi a ƙarƙashin hijabi. Ta ce ta gaji da zullumi, gobe da safe in maigida ya fita shago za ta shiga motar Tunuga ta je ta ga yayanta da idonta, ta dawo kafin la'asar. Na ce Rabi da wannan cikin, a wannan hanyar? Ta ce, "Shi ya sa za ki raka ni. In kin ƙi, ni ɗaya zan tahi, ko bisa babur ɗin kabu-kabu ne. Kuma amana na ba ki, Yaya, in maigida ya ji, daga bakinki ne." Na yi magiya, na kawo zancen unguwarzoma, na ce ta bari ta haihu, ta ce ba ta iya haihuwa da wannan nauyin a ƙirji. Na ce mata to.

Na kira maigidana, wayarsa ba ta shiga, yana inda ba rezo. Ba ni da uwa a garin nan, ba ni da wanda zan faɗa wa ba tare da na fara da tona kaina ba. In na je wurin Malam Isufu na ce ga abin da take shiryawa, zai hana ta, ita kuma daga hanin za ta gane akwai abin da ake ɓoyewa, ta kuma gane ni na ci amanarta, ta rasa mutum ɗayan da take jingina da shi a daidai lokacin da za ta fi bukata. In na faɗa masa gaskiya duka, da wane ido zan ce masa na daɗe ina leƙen wayarsa ta cikin telena? Ba wannan ne ma ya fi damuna ba, ya kira ni ɓarauniya a gaban unguwa in dai za ta tsira. In na zaunar da ita na faɗa mata da bakina, jininta ya hau ta faɗi a ɗakina, me zan ce wa Allah, me zan ce wa mutanen da suka danne kukansu don su kare ta? In kuma na yi shiru muka shiga mota, to ni da ƙafata zan kai ta ƙofar gidan da matar Saini ke zaune cikin takaba.

Ƙunshin a wurina ta bar shi don kada mijinta ya gani. Ga shi nan gefena ina wannan rubutu. Ban so buɗewa ba amma bakinsa ya kwance: ganyen shayi ne, da sukari, da sabuwar riga mai dogon hannu da ta sa aka ɗinka wa Saini, wai sanyin kogi na damunsa da asuba.

'Yan'uwa, ba wanke kaina na zo yi ba, na san abin da na aikata. Rabi za ta ƙwanƙwasa mini ƙofa gobe da safe da hijabinta a jiki. Don Allah ku faɗa mini kafin ta iso, me zan yi?