Zoben da Na Ce Asiri Ne

Assalamu alaikum, Yaya Hauwa. Ina gaishe ki da Malam da yara. Ya jiki? Mu nan Kalgo lafiya, alhamdulillahi.

Yaya, na ɗauki alhakin Asabe, maƙwabciyata ta da. Mataccen tsuntsun nan mai zobe a ƙafa da na tsinta a gonarmu, na ce asirinta ne. Jiya wata malama, cikin 'yan sa-kai masu ƙidayar tsuntsayen fadama, ta nuna mini irin zoben. Ashe su ke sakawa, don su san inda tsuntsu ya je.

Shekara guda ban amsa sallamar Asabe ba. Tunda ta koma garinku, don Allah ki roƙar mini gafararta. Ki sa ni a addu'a, ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Balkisu