Katin Asibitin Yaya Nidia

Ciénaga, watan Maris

Ƙanwata Zoraida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Caracas tana riƙe ki lafiya, kuma tsohuwar da kike wa aiki ta rage mita. Maigidana Efraín yana gaishe ki, yana can bakin teku yana faɗa da komarsa kamar kullum.

Na ɓoye miki wani abu tun Kirsimeti, yanzu kuwa dole ta sa in faɗa. An gano sankara a mamana na dama. Likita ya ce idan aka yi aiki da wuri, akwai kyakkyawan fata. Ban tayar da hankalina sosai ba, don kin san inshorar manyan cututtuka da ƙungiyar masu dafa abincin makaranta ta sa muka shiga. Shekara da shekaru ana yankar albashina ina ƙunƙuni. Na ce to, yau ranarta ta zo.

Sai ga shi sun ƙi biya. Na je ofishinsu a Santa Marta, wani mai laƙtaye yana ta murmushi kamar mai tallan turare.

Ya ce, "Doña Nidia, kin ɓoye mana tarihin lafiyarki. An taɓa samun ƙullutu a mamanki na hagu, aka yanki ɗan nama aka gwada, aka ce ki dawo, ba ki dawo ba."

Na ce, "Ɗana, a hagun wa? Rufe ƙofar in nuna maka, ko ƙurji babu."

Ya ce, "A'a, a'a, Doña, zauna. Asibiti ne ya rubuta, da sunanki da lambar katinki."

A motar dawowa abin ya faɗo mini. Shekarar da kogi ya cika ya shigo unguwa, ba ki da aiki, ba ki da kati, kika ce ƙirjinki yana damunki. Ni da hannuna na ba ki katina. Wa ba ya yi a Ciénaga? Katin Chela maƙwabciyarmu ya haifi 'ya'yan mata uku daban-daban. Mu kuwa kamar an tsaga kara, mai gadin asibiti ko kallon hoton bai yi ba. Da kika dawo kika ce iska ce, na yarda, na ci gaba da suyar kifina.

Zoraida, me aka ce miki a ranar? Ki ba ni amsa ta hannun direban da ya kawo wannan. Allah ya yi miki albarka.

Yayarki,
Nidia

Caracas, watan Afrilu

Yaya,

Ki sa mini albarka. Na karanta wasiƙarki a ɗakin wanki, na yi kuka har tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ke, wa ya mutu? In ba kowa, kofina ya huce." Kin ga irin gidan.

Haba Yaya, tun Kirsimeti? Ina nan ina aiko miki da hoda da takalma ke kuma kina fama ke kaɗai.

Maganar asibiti gaskiya ce, ni ce. Sun ɗan tsaga ni, suka ce in koma in ji sakamako. Ranar komawa na yi wanka, na sa rigata, na kai har bakin ƙofar asibitin. Sai na tuna yadda Mama ta shiga wurin da ƙafarta aka fito da ita a kwance. Na sayi ruwan kwakwa a wajen mai kura, na shanye, na hau mota na koma gida. Abin ba ya ciwo, ni ma ban tsokane shi ba. Muna zaman lafiya da shi, ya fi wasu mazan haƙuri.

Ki bar kamfanin nan da Allah. Ina da ɗan abin da na tara, ga sarƙar zinariyar Mama, ga kuma tsohuwa, in na yi mata fuskar tausayi za ta ba ni albashi gaba. Ki fara magani da wannan. Amma kada ki ce in je wajen likita, na roƙe ki.

Ki gaida Efraín, ki ce ya daina zargin koma, hannunsa ne ya tsufa. Ina kewar dakakkiyar ayabarki da cuku.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Zoraida

Ciénaga, watan Mayu

Zoraida,

Ina gaishe ki, amma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba.

Sarƙar Mama da ajiyarki ko kuɗin gadon asibiti ba za su biya ba, balle aiki da alluran da za su biyo baya. Na tambaya. Efraín ya fara maganar sayar da jirginsa, kin kuwa san in jirgin ya tafi, shi ma ya ƙare.

Ƙungiya ta haɗa ni da lauya, wata mace 'yar duma-duma mai suna Pertuz. Na zayyana mata komai. Ta cire tabarau ta ce, "Ku mutanen bakin teku, kati ɗaya dangi goma. Za a iya cin ki tara a kan aron katin, wannan ƙarami ne. Amma inshora ba ta da ikon hana ki haƙƙinki a kan cutar da ba a jikinki aka gani ba."

Na ce, "To ai shi ke nan, ƙanwata za ta rubuto."

Ta ce, "Doña, kowa yana da ƙanwa mai iya rubutu. Likita suke so ya duba ta, ya shaida tabon tsagar yana jikinta, a wurin da asibiti ya faɗa."

Kin ji. Ba roƙonki nake yi ki ba ni ƙoda ba. Ki cire riga a gaban likita, ya rubuta layi biyu. Na ara miki sunana kin je kin ɓata shi, yanzu kina ba ni labarin ruwan kwakwa. Abin da ke jikina ba ya jiran ki gama jin tsoro, kullum na taɓa sai in ji kamar ya ƙaru. In har ni yayarki ce, ki je.

Allah ya yi miki albarka duk da haka.

Nidia

Caracas, watan Yuni

Yaya,

Ki sa mini albarka. Na je. Takardar likita tana cikin ambulan ɗin nan, da hatimi da komai, ki kai wa 'yar duma-dumarki.

Likitan dattijo ne mai sanyin hannu. Ya ga tabon nan take. Sai dai bai tsaya a tabon ba, ya ci gaba da dannawa har hammata, fuskarsa tana canzawa.

Ya ce, "Tun yaushe wannan?"

Na ce, "Tun kana da gashi, likita."

Bai yi dariya ba. Ya tura ni hoto, ya sake tura ni wani. Kin tuna ciwon bayan da nake ta ɗora wa gugar daɓen tsohuwa laifi? Ashe ba daɓe ba ne. Ya ce abin ya kai ƙashi. Na tambaye shi da na koma a wancan lokacin fa, ya ce ƙaramin aiki ne da an yi an gama. Da bai faɗa mini wannan ba, da na fi samun barci.

Kada ki zargi kanki a kan wasiƙarki. Na ji zafinta, amma ita ce ta tura ni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsorona ya cinye miki watanni masu tsada. Ki yafe mini. Ki matsa musu su biya da sauri, ke naki yana da magani.

Ban faɗa wa tsohuwa ba tukuna. Jiya ta ce na rame, wai ko saurayi na yi.

Taki har kullum,
Zoraida

Ciénaga, watan Yuli

Ƙanwata,

Sun biya. Mai laƙtayen nan har da miƙo mini hannu, wai yana taya ni murna. An sa mini ranar aiki.

Ban ji daɗin komai ba. Wata huɗu ina zagin kamfanin nan, alhali su ne suka fara tambayar abin da aka gani a jikinki. Ni yayarki kin ce mini iska ce, ban ko ajiye cokalin suya na dube ki ba. A wasiƙata ta baya ma tabon kawai na nema, ban ce yaya ƙullutun yake ba.

Ki bar wa tsohuwa kofinta ki taho gida. Efraín ya gyara gadon Mama, ya sa shi kusa da taga inda iskar teku take shigowa. Na sayi ayaba. Asibiti kuma tare za mu riƙa zuwa, ina riƙe da hannunki har ciki, kuma da sunanki za a kira ki.

Allah ya yi miki albarka, ya kawo mini ke.

Yayarki,
Nidia